Yadda Kawunku Illa Ya Rasa Kujerar Meri

Shekarar da Kawunku Illa ya nemi komawa kujerar magajin gari, ina jin ban yi zaman kirki ko na yini ɗaya ba. Ku kuna ƙanana a lokacin. Abin da kuka sani na wannan shekara guntu-guntu ne da kuka tsinta a bakin mutane, wani a bakin rijiya, wani a gidan suna. Na ga gara ku ji shi a jere daga bakin wadda ta aikata, tun hankalina yana jikina. Ba zan gyara kaina ba, shi ma ba zan rage masa komai ba.

Yaya Illa ne ya rene ni. Babanmu ya rasu ina yarinya, Yaya ya ɗauki gida a kansa tun bai fara aske gemu ba. Shi ya koya mini karatu kafin in shiga lakwal, yana zana baƙaƙe da tsinke a kan ƙasar lambu, ni ina tsugune tsakanin fangalin albasa. Shi ya aurar da ni ga babanku. Da ya shiga siyasa aka ce dole kowace jam'iyya ta sa mata a jerin ƴan takara, bai tambaye ni ba, sai dai na ji sunana a bakin mai shela. Haka na zama konseye, wato ɗaya daga cikin mutum goma sha bakwai da ke zama a meri, ofishin magajin gari, suna shawara kan harkar gari da ƙauyukansa. A zamansa na farko ya yi aiki, kowa ya gani. Rumfunan kasuwar nan da kuke sayen tumatir a ƙarƙashinsu shi ya kafa su. Hanyar da ta hau dutse ta nufi wajen Keita, wadda a da jaki ma sai ya tsaya ya huta, shi ya tara samari suka fasa ta. Ba ya jiran mota. Moto yake hawa, ya naɗe riga a cinya, ya shiga ƙauyen da rabonsa da ganin hukuma tun zamanin kakanni.

A shekarar ƙarshe ta zamansa ne na lura ya daina hawa moto. Ya ce gwiwa ce. Sai ya fara sa baƙin madubin ido ko a cikin biro. Ya ce hasken rana ne. Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa, mun sani, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Wata safiya na kai masa takardar da matan ƙungiyar lambu da nake shugabanta suka rubuta suna roƙon waya ta shinge, don awaki sun dame su. Ya karɓa, ya ɗaga ta gaban fuskarsa, yana gyaɗa kai kamar mai karatu. Takardar a kife take, kanta ƙasa. Na tsaya ina kallon hatimin ƙungiyarmu a sama, inda ba wurinsa ba. Ya ajiye ta a hankali ya ce, an gani, za a duba. Na fita. Ban koma gida ba, na zaga kasuwa sau biyu ba tare da na sayi ko gishiri ba.

Akwai wani Lawali, sekreter ɗinsa, mutum mai laushin murya da tsabtar riga. Shi ke karanta masa takardu a ɗaki, shi ke ɗora masa yatsa inda zai sa hannu. Na yi shiru da abin da na gani har kaka ta zo. A kakar nan ne shanun Fulani masu gangarowa daga arewa suka tarar an gina katanga a tsakiyar burtali, hanyar da suke bi tun ba a haife mu ba. Wani ɗan kasuwa ne ya gina, ya ce parsel ɗinsa ne, wato filin da meri ta yanka masa, yana da takarda. Shanu ba su san takarda ba. Suka karkata suka faɗa gonakin da ba a gama yankan dawa ba. Aka yi faɗa da sanduna da adduna. Wani manomi ya rasa yatsu uku, wani Bafillace aka kai shi likitar Madawa kansa a fashe, bai ƙara gane matarsa ba har ya mutu. Da muka zauna a meri na ce a kawo takardar parsel ɗin. Aka kawo. Sa hannun Yaya ne, na san shi kamar na san tafin hannuna, amma ya hau kan rubutu ya karkace, irin na wanda aka riƙe wa hannu.

Da la'asar na same shi a gida, matarsa Zali tana tankaɗe a tsakar gida. Na ce ta ba mu wuri.

"Yaya, kai ka ba da burtali?"

"Wane burtali? Fili na bayan tasha na sa ma hannu."

"Ba shi ba na, Yaya. Burtali na. Na gani da idona."

Ya gyara zaman madubinsa.

"Lawali ya yi kuskure. Zan yi mishi magana."

"Yaya, ba ka gani. Na sani tun watan azumi. Ka sauka da girmanka, mu tahi babbar likita a duba ka. Akwai mutane cikin jam'iyya, ka ɗora wanda ka yarda da shi."

Ya cire madubin, ya juyo da fuskarsa wajen muryata, amma idanun sun wuce ni sun tafi kan bango.

"Idona lahiya lau, Rabi. In kin ƙara hwaɗin wagga magana ko ga mijinki, ni da ke mun gama."

Ban faɗa wa kowa ba. Babanku ya sha tambayata me ke hana ni cin abinci, ina ce masa zafi ne. Lawali kuwa bai tafi ko'ina ba. Ya ma ƙara matsowa, don yanzu Yaya ya san asirinsa yana hannun mutum biyu, kuma ɗayan ne kawai ke ce masa komai lafiya.

Aka buɗe neman ƙuri'a, na shiga da ƙarfina, kuma wannan ne abin da har yau nake kasa fassara wa kaina. Na hau bayan kabu-kabu na shiga ƙauyukan kan dutse da na cikin kwari, daga iyakar Buza har kusa da Bangi. Ina tara mata a gindin bishiya ina lissafa musu rumfuna da hanya da rijiya, suna guɗa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Amma da na sauka daga kan tabarma sai in yi sauri in bar wurin. A wani ƙauye matar manomin nan da ya rasa yatsu ta kama gefen zanena ta ce, ke ƙanwarsa ce, ki gaya mini, wa ya sayar da burtali? Na ce ana bincike. Ta sake ni ta juya. Ranar na sa mai moto ya tsaya a hanya sau uku, ina sauka ina tafiya da ƙafa cikin duwatsu, shi yana bin bayana yana tambayar ko amai nake ji. Yaya shi ma yana yawo, amma a mota. Lawali na riƙe da gwiwar hannunsa kamar girmamawa ce, yana raɗa masa sunan duk wanda ya miƙo hannu. Yaya sai ya kira sunan da ƙarfi, mutum ya tafi yana murna an gane shi.

Jama'a suka jefa ƙuri'a. Jam'iyyarmu ta samu kujera tara, sauran jam'iyyu suka haɗa kai suka tashi da takwas, suka tsayar da Mushe Asumana, tsohon malamin lakwal (a lakwal Mushe ake ce wa malami), mutum mai taurin kai da ba ya dariya. A tsarinmu ba jama'a ke zaɓen magajin gari kai tsaye ba. Mu konseye goma sha bakwai ne za mu taru bayan wasu makwanni mu zaɓe shi a asirce. Tara da takwas, mutum ɗaya ya isa ya juya komai. Saboda haka kwana uku kafin ranar aka kwashe mu tara a mota aka kai mu wani gida a Madawa, aka karɓe wayoyinmu, aka sa mai gadi a ƙofa, kada abokan hamayya su kai ga kowa. Abinci ya wadata, nama har ana barinsa. Ni dai zagaya tsakar gidan nake yi, daga randa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa randa, har ɗaya daga cikin matan ta ce na sa mata jiri.

Rana ta biyu bayan azahar Lawali ya shigo da wani malami riƙe da Alƙur'ani a cikin gafaka. Ya ce kowa ya yi alwala ya dafa, ya rantse Alhaji Illa zai zaɓa. Aka fara ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina Lawali ya yi murmushi ya ɗaga hannu.

"Hajiya Rabi ba ta buƙata. Ciki ɗaya sunka hito."

Aka yi dariya, aka wuce ni. Sai aka zo kan Arzika. Arzika manomin albasa ne daga wani ƙauye na cikin kwari, dogo, mai ƙarancin magana. Kakansa shi ne mai tsafin garinsu a da, shi kuwa ya tashi ya fi kowa a cikinmu kiyaye salla. Ya dubi littafin, ya mai da hannuwansa baya.

"Ni ba ni dafa Alƙur'ani don kujera. Na ce Alhaji Illa zan zaɓa, kuma shi zan zaɓa. In maganata ba ta isa ba, ku buɗe min ƙofa in tahi gida."

Aka yi ta lallashi, aka yi ta faɗa, bai motsa ba. Yaya da kansa ya ce a ƙyale shi, ya san Arzika.

Ba zan ce muku na yanke shawara a gidan nan ba. Har muka shiga zauren meri ranar zaɓe ban san abin da hannuna zai yi ba. Prefe, wakilin gwamnati, yana zaune a gaba, jandarma biyu a bakin ƙofa, a waje makaɗa sun riga sun fara, don kowa ya san lissafi. Ana kiran suna, mutum ya ɗauki takardu biyu da ambulan ya shiga bayan labule. Da aka kira Yaya ya miƙe shi kaɗai, don ba a yarda Lawali ya shigo ba. Ya ƙidaya takunsa, na ga leɓensa na motsi. Ya isa teburin, ya miƙa hannu, ya shafa katako inda babu komai. Sau biyu yana shafawa kafin yatsunsa su taɓa takarda. Wasu suka ɗauka nutsuwa ce. Aka kira ni. A bayan labulen akwai wari irin na tsohon buhu. Na riƙe takardar da ke da sunan mutumin da ya koya mini karanta suna, na tuna matar da ta kama zanena, na tuna shekara biyar masu zuwa da Lawali zai yi yana ɗora masa yatsa. Na sa ta Mushe Asumana a ambulan. Ta Yaya na dunƙule ta na cusa a bakin zanena. Ban yi addu'a ba, ban yi kuka ba. Na fito na jefa.

Aka ƙidaya da ƙarfi. Illa takwas, Asumana tara. Kiɗan waje ya ci gaba na ɗan lokaci, don labari bai fita ba, sannan ya yanke kamar an toshe bakin ganga. Yaya bai motsa ba. Ya ce a sake ƙidayawa, aka sake. Ya miƙe ya ce Allah ya taya riƙo, ya miƙo hannu gefe yana neman wanda zai kama shi. Ni ce a kusa. Ni na fitar da shi daga zauren, hannunsa a kafaɗata, yana ce mini a hankali, kada ki yi kuka gaban mutane, Rabi, daure.

Kafin magariba gari ya gama yanke hukunci. Wa ya ƙi rantsuwa? Arzika. Aka ce an saye shi. Aka ce dama jinin Azna ne masu tsafi, me ya sani game da amana. Samarin jam'iyya suka tafi ƙauyensu suka tattake masa irin albasa da ya yafa, suka jefa mushen kare a rijiyar lambunsa. A masallacin Juma'a in ya tsaya a sahu sai na kusa da shi ya matsa. Dillalai suka daina taya kayansa. Ya zo ƙofar Yaya sau biyu, ba a bar shi ya shiga ba. Ni kuwa mata na zuwa yi mini jaje, suna cewa sannu, an cuci ɗan'uwanki. Ina amsawa. Kullum da safe nakan ce yau zan faɗa, in ɗauki mayafi, in kai bakin ƙofa, in koma in hau wanke kwanonin da na riga na wanke. Na share tsakar gida har babanku ya ce zan kai ga ruwa. Na tafi Tawa wajen ƙawata ba dalili, na kwana ɗaya na dawo. Rani ya wuce haka, damina ta sauka ta ɗauke. A cikin wannan lokaci Mushe Asumana ya rushe katangar burtali, Lawali ya tattara ya koma Yamai. Na yi ta gaya wa kaina, kin ga, abin ya yi amfani. Bai sa na ci abinci ba.

Sai da aka fara dashen albasa na hau kabu-kabu na tafi ƙauyen Arzika. Na same shi a lambu shi kaɗai, yana jan ruwa daga sabuwar rijiya da ya haƙa da hannunsa. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Muka gaisa. Na faɗa masa a tsaye, a taƙaice, don na san in na zauna ba zan iya ba. Bai saki igiyar guga ba. Ya jawo, ya juye a kwalbati, ya bi ruwan da ido har ya shiga fangali.

"Ni dai na san ba ni ba na," ya ce. "Shekara guda ina duban sauran mutanenmu ɗaya-ɗaya, ina cewa wane na cikinsu ka iya barci. Ke ban taɓa sa ki cikin lissahi ba."

Na ce ya yafe mini.

"Ƙuri'arki taki ta, Hajiya, ba ni da magana kanta. Wata ƙila ma kin hi mu gaskiya. Shirun na ban gane ba. Ɗiyana sun bar zuwa lakwal, ana kiransu ɗiyan maci amana."

Ya sake jefa guga. Bai ce in je in faɗa ba, bai ce kada in je ba. Na tsaya har na ga ba sauran magana, na juya.

Ban biya gida ba. Na sa mai moto ya sauke ni a ƙofar Yaya. La'asar ce, zauren cike da manyan jam'iyya, don har lokacin ba su daina zuwa masa hira ba. Mace ba ta tsayawa a zauren nan, wucewa take yi. Na tsaya. Na yi sallama, na ce ina da magana, kuma ina so kowa ya ji. Na ce Arzika Alhaji Illa ya zaɓa kamar yadda ya faɗa. Na ce ƙuri'ar da ta tafi tawa ce, ba wanda ya saye ni, ba wanda ya roƙe ni. Wani ya ce a'uzubillahi. Wani ya tambaye ni dalili. Na dubi Yaya, yana zaune a kan buzu, baƙin madubin a fuskarsa. Dalilin nasa ne, ba nawa ba. Na ce ni da shi mun san dalili.

Ya murza carbi. Da ya buɗe baki ba da ni ya yi magana ba.

"Gobe da sahe a kawo mota. Za ni gidan Arzika. Wanda duk ya san ƙahwarshi ta taka lambun nan, shi shirya mu tahi tare."

Sannan ya ɗan karkata kai wajen da nake.

"Ku ba ta hanya ta wuce."

Ya je kuwa. An ce ya tsuguna gaban Arzika a bainar jama'a, kuma a nan ne ya cire madubi ya gaya wa mutane da bakinsa cewa ya daɗe ba ya gani. Amma ni bai ƙara yi mini magana ba. Jam'iyya ta kore ni, na ƙarasa zamana a meri ba mai zama kusa da ni, har mutanen Mushe Asumana, don su ma ba su yarda da wadda ta iya yi wa ɗan'uwanta haka ba. Matan lambu suka zaɓi wata shugaba. Duk salla ina aika tuwo gidan Yaya, yana dawowa da murfinsa yadda na rufe. Zali takan tsaya mu gaisa a gidan biki in ba idon mutane, ta ce yana nan, jiki sai a hankali. Shekara shida muka yi haka, tsakanin gidana da nasa bai fi tafiyar minti goma ba.

Kun sha tambayata ko na yi nadama. Ta ƙuri'a ban yi ba, ko da yake akwai ranakun da nake cewa da na sake komawa na roƙe shi sau goma kafin in kai ga haka. Ta shekarar da na bar Arzika yana ɗauke da kayana, wannan ina yi har gobe, kuma ba ta da magani.

Da ciwon ya kwantar da shi, wani hantsi Zali ta aiko a ce in zo. Ban tambaya ko shi ya ce ba. Na same shi a kan katifa a ƙasa, ya zama ƙashi, ƙafarsa ɗaya a naɗe. Na yi sallama, bai amsa ba. Na zauna a gefe. Can ya miƙo hannu yana lalube, na sa nawa a ciki. Ya bi yatsuna ɗaya-ɗaya, ya shafa bayan hannun, ya kai har wuyan hannu, yana taɓa jijiyoyin da suka fito.

"Kin tsuhwa, Rabi."

Na ce, "Eh, Yaya."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Bai saki hannun ba har aka kira azahar, Zali ta shigo da ruwan alwala. Ya rasu bayan kwana huɗu.